Gishirin da ke tsattsafowa daga katangunmu

Duk wanda ya bi lungunan Williamsville bayan ruwan watan Yuni ya san abin da muke nufi. Sabuwar katanga ce, ko wata uku ba ta yi ba, sai ga fari ya fito mata kamar an barbaɗa kanwa. Mai gida ya ce magini ya ci amanarsa, magini ya ɗora wa mai buga bulo, daga bisani a kawo ƙara gaban dattawa. Alhali kuwa al'amarin ya girmi dukkansu.

Kakanninmu sun san wannan farin, amma a doron ƙasa suka san shi, kuma hanyar arziki ce gare su. A Dallol Fogha, kusa da Gaya a Nijar, idan damina ta wuce ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso ya bushe, ya bar gishiri a sarari, sai a kankare, a tace, a dafa. Irin wannan gishiri da kanwa fatake suka riƙa ɗora wa jakuna zuwa Salaga da Bonduku, su komo da goro. Abin da ke faruwa a jikin bulo ke nan: ruwa ya shiga, ya narkar da gishirin da ke cikin yashi da siminti, ya biyo ƙananan ƙofofi zuwa waje, iska ta shanye shi, gishirin ya tsaya.

A ƙasar Hausa da tubali ake gini, a shafe da makuba, kuma rani mai tsawo yana busar da komai. Nan bakin teku ba haka ba ne. Faransawa ma sun ɗanɗana: gine-ginen da suka bari a Grand-Bassam, babban birninsu na farko tun 1893, iskar teku ta ci jikinsu har tubalin ya bayyana. Da mulki ya dawo Abidjan a 1934, aka ware Plateau ga Turawa, baƙi irinmu suka zauna Treichville da Adjamé, kuma a hankali bulon siminti ya kori katako da langa-langa. A 1950 aka buɗe mashigin Vridi, ruwan teku ya samu hanya kai tsaye cikin tafkin Ébrié, ya ƙara masa gishiri ta ɓangaren birni, musamman da rani. Daga wannan tafki ake haƙo yashi mai yawa na ginin garin. A ganinmu nan ne tushen yawancin rigimar.

Sai dai unguwa da unguwa sun bambanta. Treichville kan tsibiri take a kwari, ruwa na kusa, don haka danshi kan hau katanga daga tushe. Williamsville kan tudu take. Idan farin ya fito a nan, a fara tuhumar yashi da ɗanyen bulo. Katangar gida ko ta lambu ita ta fi shan wuya, domin ba ta da rufi, ruwa na dukanta gaba da baya da bisa.

Farin ma iri biyu ne. Mai laushi buroshi busasshe ke share shi, ya ragu da kansa. Wanke shi da ruwa mayar da shi ciki ne kawai. Mai tauri kuwa farar ƙasar siminti ce da ta haɗu da iska ta daskare. Abin tsoro shi ne gishirin teku da ya kai ga rodi, domin tsatsa na kumbura ƙarfe har ginshiƙi ya tsage.

Saboda haka mai shirin gini ya tambayi inda yashin ya fito, kuma ko an wanke shi. Kada ya karɓi bulon da aka buga shekaranjiya. Siminti sai ya kusa kwana 28 yana shan ruwa kafin ƙarfinsa ya cika. Ya ƙwanƙwasa ya ji amo, ya murza gefe ya ga ko yana zuba. Ya tsayar da guda ɗaya rabinsa cikin ruwa mai tsabta na mako guda, ya busar, ya duba samansa. A sa leda mai kauri ko kwalta bisa tushe, a yi wa katangar hula mai ɗan fitowa, fenti kuma a dakata da shi sai rani ya busar da ginin.