Makahon da ya koya wa mota riƙe gudu

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Damari zuwa Funtua ya san cewa ran fasinja yana ƙarƙashin ƙafar direba. An daɗe ana neman yadda za a rage wa ƙafar nan iko, kuma mutumin da ya yi suna a wannan aiki makaho ne.

Sunansa Ralph Teetor, injiniya daga garin Hagerstown a jihar Indiyana ta Amurka, an haife shi a 1890. Yana ɗan shekara 5 wuƙa ta ji masa rauni a ido, daga baya idanun biyu suka mutu. Ana ba da labarin cewa lauyansa ne ya ishe shi: in yana magana sai ya sassauta, in yana sauraro sai ya taka mota. Mai ido ba zai damu ba, amma makaho a jikinsa yake jin kowane canji. A 1950 aka yi masa rajistar na'urarsa mai suna Speedostat, wadda ke riƙe mota a gudun da direba ya zaɓa. Kamfanin Chrysler ya sa ta a motocinsa a 1958 da sunan Auto-Pilot, sunan da ya fi ƙarfin aikin, domin ba ta taɓa sitiyari.

A can jin daɗi aka nema, a nan kuwa yawan gawa a hanya ne ya kawo zancen. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta fara gargaɗin masu motocin haya a 1 ga Oktoba 2016 su sa na'urar taƙaita gudu, ta soma tilastawa a 1 ga Fabrairu 2017. Mota na kai iyaka, na'urar za ta rage man da ke shiga inji, komai takawar direba.

Direbobi sun yi kukan tsada, wasu suka ce yaya za su tsere wa 'yan fashi? Mutumin Sabuwa ko Faskari ba zai yi wa wannan tambaya dariya ba. Ni dai nakan tuna cewa motar da ake so ta tsere da dare, ita ce ke ratsa kasuwa da rana.

Yau akwai motocin da ke gyara sitiyari da kansu, suna bin farin layin titi da kamara. Hanyoyinmu da yawa ko layin ba su da shi.