Daga Matamaye zuwa makarantar magidanta: tarihin maganar haihuwa da talauci a Nijar

A shekarar 1985 ƙasar Nijar tana farfaɗowa daga yunwar da mutanen kudu suka laƙaba wa suna El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. A cikin wannan hali ne Janar Seyni Kunce ya tsaya gaban jama'a a Matamaye, cikin jahar Damagaram, ya ɗauko maganar da shugabanni suka saba kauce mata. Abin da jawabin ya ƙunsa a taƙaice shi ne bakunan ci suna ƙaruwa fiye da yadda rumbuna ke cika, kuma ya kamata iyalai su dubi yadda ake jera haihuwa. Mutumin da ya karɓi mulki a 1974 bisa hujjar cewa an bar talakawa cikin yunwa, ga shi bayan shekara 11 yana gaya musu cewa fari ba shi kaɗai ba ne ke hana abinci ya isa.

Ba za a gane nauyin wannan jawabi ba sai an waiwayi dokar da ke aiki a lokacin. Tun ranar 31 ga Yuli 1920 Faransa, wadda yaƙin duniya na farko ya cinye wa samari, ta kafa dokar da ta haramta zubar da ciki da tallata hanyoyin hana ɗaukarsa. Dokar ta bi nasara zuwa ƙasashen da ya mallaka, ta kuma ci gaba da aiki a Nijar bayan samun ƴancin kai a 1960. Damuwar mai mulkin mallaka ita ce mutane sun yi kaɗan: yana son masu biyan haraji, da masu aikin tilas, da soja. Shi ya sa ƙidaya ta zauna a zukatan mutanen karkara a matsayin ƴar aiken lanho, kuma duk wanda ya zo daga birni da alƙalami yana tambayar yawan ƴaƴa, sai a dube shi da ido ɗaya. Wannan zargi ya daɗe bayan tafiyar waɗanda suka haddasa shi.

A waje kuwa muhawara ta riga ta yi nisa. A taron Bukarest na 1974 ƙasashe masu arziki sun ce yawan haihuwa ne ke riƙe matalauta a baya, ƙasashen kudu, da Aljeriya a gaba, suka mayar da martani cewa a gyara cinikin duniya, haihuwa za ta ragu da kanta. Da aka sake zama a Meksiko a 1984 ƙasashen Afirka da dama sun sassauta, a daidai lokacin da Amurka ta ja baya. A wannan shekara ce aka buɗe cibiyar lafiyar iyali ta ƙasa a Yamai, kuma a watan Afirilu 1988, zamanin Ali Saibu, aka fitar da dokar da ta halatta amfani da magungunan tazara. A 1992 gwamnati ta amince da manufar farko kan yawan jama'a.

Sai dai maganar tazara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma a nan ne ma'aikatan farko suka yi sakaci. Harshen kansa yana da sunan abin. Matar da ta yi ciki tana goyo an ce ta yi kwanika, ko rurutsa, kuma abin kunya ne gare ta da mijinta, har ana yi musu habaici a bakin rijiya. Tsofaffi sun san cewa yaron da aka yaye ba shiri shi ne zawo ke kayarwa, shi ne ke ƙanjamewa. Komawar mai jego gidan iyayenta don wanka, da shayarwa ta shekara biyu wadda addinin Musulunci ya kwaɗaitar da ita, duka hanyoyi ne na ba uwa hutu da ba jinjiri dama ya yi ƙarfi. Abin da al'ada ba ta sani ba shi ne a ce wa mutum ga adadin da zai tsaya a kai. Ƴaƴa arziki ne, su ne hannun noma, su ne sandar tsufa a ƙasar da manomi ba ya da fansho. Da aka juya kalmomin faransanci zuwa "ƙayyade iyali" ko "tsai da haihuwa", an zaɓi lafazin da kunnen Bahaushe ba ya so, alhali ga "tazara" da "hutu" a kusa.

Akwai kuma dalilin da ya fi na lafazi ƙarfi. Binciken lafiya na ƙasa na 1992 ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa, 318 ba su kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Uwar da ta binne uku cikin tara ba ta bukatar malami ya koya mata lissafi. Ita ma lissafi take yi, kuma nata ya fi kusa da gaskiyar gidanta. A wancan bincike mace ɗaya tana haihuwar ƴaƴa 7,4 a tsaka-tsaki, matan aure masu amfani da maganin zamani kuwa ba su wuce kashi 2 da ɗoriya cikin 100 ba.

Taron Alƙahira na Satumba 1994, inda ƙasashe 179 suka hallara, shi ne ya sauya alƙiblar maganar a duniya. An daina sa wa ƙasashe adadin da za su rage, aka koma kan lafiyar uwa, da karatun ƴaƴa mata, da ƴancin ma'aurata su zaɓi lokacin haihuwa da yawanta. A Nijar taron ya faɗo a mummunan lokaci. A cikin watan Janairu na shekarar an karya darajar kuɗin sefa da rabi, albashi yana makara, makarantu suna rufe saboda yajin aiki. Ƙungiyoyin addini da suka samu bakin magana bayan babban taron ƙasa na 1991 suna tsaka da yaƙar kundin tsarin iyali, wanda aka jingine shi a wannan shekara. A idon mutane da yawa kundin, da kwaroron roba, da takardar Alƙahira, duka kaya ɗaya ne da aka ɗauro daga waje. Malamai ba su kasance baki ɗaya ba: akwai waɗanda suka kafa hujja da halaccin azalu suka yarda da tazara don lafiyar uwa, matuƙar ba tsoron talauci ne dalili ba. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin hujjar da gwamnati da masu ba da bashi za su riƙe a shekarun da suka biyo baya ita ce talaucin kanta.

A watan Janairu 2002 Nijar ta fitar da tsarinta na yaƙi da talauci, wanda yana cikin sharuɗɗan yafe mata bashi. Takardar ta ce kashi 63 cikin 100 na jama'a matalauta ne. Ƙidaya kuwa tana ba da nata labari: mutum miliyan 5,1 a 1977, miliyan 7,2 a 1988, miliyan 11 a 2001. Kowane malamin makaranta ya ga ma'anar waɗannan lambobi ba tare da ya karanta rahoto ba, a rumfar zana da ake kira aji, inda yara ke zaune a ƙasa kuma littafi ɗaya ke yawo tsakanin hannaye da yawa. A kudancin Maradi abin ya fi fitowa fili a gona. Gandun da kaka ya nome da ƴaƴansa an raba shi gado bayan gado har ya koma ƴan kadada, hutun ƙasa ya ƙare, daji ya ƙare. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna a 2004 yadda ƙarancin fili ke fitar da mata daga noma: gamanar da miji ke ba matarsa ita ce ke fara tafiya, a wasu ƙauyuka ma sai a sa mace kulle don babu gonar da za a ba ta. Da ƙarancin cimaka na 2005 ya zo, cibiyoyin kula da yara masu tamowa sun fi cika a Maradi da Damagaram, wato a rumbun ƙasar, inda ruwa ya fi sauka kuma mutane suka fi cunkushewa.

Adalci ne a faɗi cewa waɗannan manoma ba su zauna jiran takarda ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 suka koma barin gawo da sauran itatuwa su tsiro a gonaki, har aka kiyasta hekta miliyan 5 da suka sake yin kore. Masu cewa yawan mutane hamada kawai yake haifarwa ba su cika son wannan misali ba.

Zamanin Tanja Mamadu ne dokoki suka zo a jere. An mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sai magungunan tazara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006. A watan Yuni na 2006 aka kafa dokar lafiyar haihuwa, a wata ɗaya da majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan ƴancin mata. A 2007 gwamnati ta sake fitar da sanarwa kan yawan jama'a. Kyautar magani ta sha fama da jinkirin biyan likitoci kuɗinsu, har wasu ɗakunan magani suka zama fanko, amma duk da haka ta yi aiki tare da rigakafi da gidan sauro da ɗakunan shan magani na ƙauye: mutuwar yara ta sauka zuwa 198 cikin 1000 a 2006, sannan 127 a 2012.

Haihuwa ita ba ta sauka ba. Binciken 2012 ya ba da 7,6, mafi yawa a duniya a lokacin, a Maradi da Damagaram ma ta haura 8, kuma ƙidayar shekarar ta samu mutum miliyan 17,1. Da aka tambayi mata ƴaƴa nawa suke so, amsarsu ta wuce 9, ta maza ta kusa 11. Uku cikin huɗu na ƴan mata an yi musu aure kafin shekara 18. Shekara 27 bayan Matamaye, matan aure kashi 12 cikin 100 ne ke amfani da maganin zamani, akasarinsu don hutu tsakanin goyo da goyo.

A Damagaram ne aka gwada wata hanya. Wani bincike ya nuna cewa abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a likita sau da yawa maigida ne, don shi ke ba da izini, shi ke biyan kuɗin amalanke. A 2008, da taimakon asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, aka buɗe makarantun magidanta guda 11. Ba aji ba allo: magidanta kamar goma da ake ganin girmansu a gari suna zama a inuwa tare da ungozoma ko malamin likita, su duba mata nawa suka zo awo a watan, su je su yi magana da maƙwabcin da ya hana matarsa. Wasu sun gina wa ungozoma ɗaki, wasu sun haƙa masai a likitar garinsu. Tsarin ya bazu zuwa sauran jahohi, har ƙasashe maƙwabta suka ara.

A watan Disamba 2017 aka sa hannu kan dokar kare karatun ƴaƴa mata, a 2019 aka amince da sabuwar manufar yawan jama'a da za ta kai 2035. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƴaƴa 6,2 ga kowace mace, raguwa mafi girma tun binciken 1992.