Daga Kwal ɗin Enugu Zuwa Kurfotin Nima: Tarihin Ma'aikatar Binciken Ma'adinai ta Ghana

Duk wanda ya taɓa yin sammako a unguwar Nima ta birnin Accra ya san abin da ke fara tarbar hancinsa. Da an sallame sallar asuba, masu koko da ƙosai da masu dafa waake sun riga sun fito da kurfoti bakin layi suna fifita wuta, hayaƙi yana bin lunguna har ya tsallaka babbar kwata ya shiga Maamobi. Gawayin nan a buhunhuna yake zuwa bisa manyan motoci, daga dazuzzukan wajen Kintampo da filayen Afram da arewacin ƙasa, kuma galibi 'yan'uwanmu Sisala ne ke riƙe da sana'ar. Sunan kurfoti kansa aro ne daga bakin Turawa, ma'anarsa tukunyar kwal. Sai dai kwal na ainihi, baƙin dutsen nan da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa yana ci da wuta, Ghana ba ta da mahaƙarsa ko ɗaya. Ma'aikatar da ta bi ƙasar nan lungu da saƙo ta gano abin da Allah ya binne a cikinta, da abin da bai binne ba, tana nan a unguwar Ridge, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga kasuwar Nima. Ita ce ma'aikatar binciken ƙasa da ma'adinai, wadda ake kira Geological Survey, kuma na tabbata da yawa daga cikin matasanmu sun sha wucewa ta wajen ba su san aikinta ba.

Labarinta ya faro ne daga Najeriya. Wani Bature mai suna Albert Kitson, haifaffen Ingila a 1868 wanda ya tashi a Ostareliya ya koyi ilimin duwatsu a can, ya zo kudancin Najeriya a 1906 a matsayin shugaban masu binciken ma'adinai. A 1909 tawagarsa ta ci karo da kwal a tsaunukan Udi. Wannan ganowa ce ta haifi birnin Enugu, ita ce kuma ta sa aka gina tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka shimfiɗa layin dogo tsakaninsu wanda ya fara jigilar kwal a 1916. Gwamnatin mulkin mallaka ta Gold Coast, wato Ghana ta yau, ita ma sai ta kafa tata ma'aikatar a 1913, ta ɗora Kitson a kai, da mataimakinsa Edmund Teale. Shekara guda ke nan da Malam Baƙo da jama'arsa suka tare a Sabon Zango na Accra. Nima kuwa ko tubalin farko ba a aza ba. Sai a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sami filin daga hannun gidan Odoi Kwao na Osu.

Ma'aikata ce ta mutane 'yan ƙalilan a lokacin, aikinta kuma a ƙafa ake yin sa. Mai bincike yana tafe da guduma da na'urar nuna alƙibla da littafin rubutu, duk rafin da aka iso a tsaya, a ɗebi yashi a kasko a tace, a duba abin da ya kwanta a ƙasan kaskon. Duk dutsen da ya ɗauki ido a fasa shi, a rubuta masa lamba, a jefa a buhu. Wa ke ɗaukar buhun? 'Yan alaro ne, da masu sare daji, da masu tuƙa kwalekwale, da mafarautan ƙauye da suka san inda kowane rafi ya dosa. Rahotannin ma'aikatar sun adana sunan Kitson da na Teale, amma waɗanda suka ɗauki duwatsun a ka daga Kwahu zuwa bakin layin dogo sun shuɗe ba suna. A zamanin nan kuwa aikin dako a wannan ƙasa na mutanen arewa ne da baƙi mazauna zango: Mosi, Zabarmawa, Frafra, Dagati, Hausawa. Shi ya sa nake ganin muna da haƙƙi a cikin wannan tarihi, ko da ba a rubuta mu a ciki ba.

Shekaru shida na farko sun zo da abin mamaki. A 1914 aka gano boksit, jan dutsen da ake fitar da sanholo daga cikinsa, a kan tsaunin Ejuanema kusa da Mpraeso. A shekarar ce kuma aka gano manganis a Nsuta, dab da layin dogon da ya tashi daga Sekondi ya bi ta Tarkwa. Yaƙin duniya na ɗaya yana kan ganiyarsa, masana'antun ƙarfe na Ingila suna neman manganis ruwa a jallo domin ƙarfafa ƙarfen makamai, don haka ba a ɓata lokaci ba, a 1916 aka fara loda shi a jirgin ruwa. A watan Fabrairun 1919 kuma Kitson da Teale suka tace yashin wani rafi a Abomosu, a yankin kogin Birim, suka ga 'yan ƙananan duwatsu masu walƙiya a kaskon. Daiman ne. Cikin 'yan shekaru kamfanin CAST ya kafu a Akwatia, kuma wajajen 1960 abin da ƙasar ke haƙowa a shekara ya haura karat miliyan 3, ko da yake yawancinsa ƙananan ƙwayoyi ne na aikin masana'antu.

Zinariya kam ba Bature ne ya gano ta ba. Tun kafin Turawan Fotugal su gina ganuwar Elmina a 1482, Wangarawa suna safarar zinariyar ƙasar Akan zuwa Jenne da Timbuktu, mutanen ƙasa kuma suna da ramukansu da ma'aunansu na tagulla. Abin da ma'aikatar ta ƙara shi ne bayanin inda jijiyar take bi. Kitson ne ya raɗa wa rukunin duwatsun da ke ɗauke da zinariyar suna daga kogin Birim, sunan da masana ke amfani da shi har yau daga Ghana zuwa Burkina Faso da Mali da Gini. Magajinsa, Norman Junner, wanda ya karɓi ragama a 1930, ya fitar da babban littafi a kan zinariyar ƙasar a 1935, wanda kamfanoni suka daɗe suna dogaro da shi.

To, ina kwal? Mutumin da ya gano na Enugu bai same shi a nan ba, kuma dalilin yana cikin shekarun duwatsun. Kwal ragowar dazuzzuka ne da suka nutse cikin fadama, ƙasa ta danne su shekaru aru-aru. A lissafin masana, duwatsun Birim sun haura shekara biliyan 2, na kwarin Volta da suka mamaye tsakiyar ƙasar su ma sun girmi zamanin da itatuwa suka fara tsiro a doron ƙasa. Inda ba a yi daji ba, ba za a tarar da gawarsa ba. Duwatsun Enugu yara ne a kansu, shekarunsu ba su kai miliyan 100 ba. Haka jiragen ƙasan Gold Coast suka riƙa cin kwal ɗin da ake kawowa ta ruwa daga Fatakwal. Mahaƙa 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a mahaƙar Iva Valley ta Enugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, kwal ɗin da irinsu ke tonowa yana cikin abin da ke jan manganis ɗin Nsuta zuwa tashar Takoradi. Nijar ma ta samu nata a Anou Araren, kusa da Agadas, inda aka kafa kamfanin SONICHAR a 1975.

Rashin kwal ɗin nan shi ya tura tunani zuwa ga ruwa. A 1915 Kitson yana gangarowa kogin Volta cikin kwalekwale, ya lura da wani wuri da kogin ya matse tsakanin tsaunuka, ya rubuta cewa in aka datse shi a nan za a sami wutar da za ta narka boksit ɗin Kwahu. A 1925 ma'aikatar ta buga wannan shawara a mujallarta ta farko. Shekaru da dama maganar tana kwance a takarda, har sai da Kwame Nkrumah ya ɗauke ta da gaske: aka fara ginin madatsar Akosombo a 1961, aka buɗe ta a Janairun 1966, bayan an tashi mutum kusan 80,000 daga garuruwansu. Wutar da ke kunna fanka a ɗakunan Nima yau, asalin tunaninta daga littafin rubutun mai binciken duwatsu ya fito.

Amma rabin mafarkin ne ya cika, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk tarihin. An gina masana'antar sanholo ta VALCO a Tema, ta fara aiki a 1967, sai dai tataccen garin boksit ɗin da take narkawa daga ƙasashen waje ake shigo da shi. Boksit ɗin Awaso, wanda aka fara haƙa tun farkon shekarun 1940, ɗanye ake loda shi a Takoradi a fitar. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Je ka ga masu zubin tukwane a unguwanninmu: yaro ya tara tsofaffin gwangwanaye da ɓaraguzan injin mota, maƙeri ya narka su a kan gawayi, ya zuba a ramin yashi, a fitar da tukunyar da za a dafa tuwon biki. Ƙasar da ke da tsaunukan boksit a Nyinahin da Kyebi, 'ya'yanta daga bola suke samo sanholon tukunya. A 2018 gwamnati ta kafa hukumar GIADEC domin haɗa wannan sarƙa daga rami zuwa masana'anta, muna kuma zuba ido.

Duk inda ma'aikatar ta sa alama a taswira, zango ya tsiro a wurin. Akwai zango a Obuasi, akwai a Tarkwa, da Prestea, da Akwatia. Tun daga 1906 har cikin shekarun 1920 hukumomin mulkin mallaka suna bi ta hannun sarakunan arewa suna ɗibar samari zuwa ramukan Tarkwa da Prestea, da yawa kuma tarin fuka da ciwon huhu suka kashe su a can. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan lebura sai mahauci ya biyo, sai mai goro, sai malami da allonsa, sai a gina masallaci. Cinikin daiman ya ɗaga gidaje da dama na Yarbawa da Zabarmawa da Hausawa, har zuwa ranar 18 ga Nuwamba 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Tsofaffin Nima ba su manta da motocin da aka cika da mutane da ƙullin kayansu ba.

Akwai wani aikin ma'aikatar da ya shafe mu kai tsaye. Ranar 22 ga Yuni 1939 girgizar ƙasa ta afka wa Accra, ta kashe mutum 17, ta rusa gidaje masu yawa. Junner da ma'aikatansa ne suka bi diddigin abin suka rubuta rahoto, kuma har yau ma'aikatar ce ke lura da na'urorin auna motsin ƙasa. Ƙasa ta sake motsawa a Disambar 2018 da Yunin 2020, mutanen Weija da Gbawe suka fi jin ta. Wanda ya san yadda gidajenmu suke a cushe, bene a kan tsohon ɗaki, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, ya san cewa gargaɗin waɗannan masana ba abin wasa ba ne.

Bayan samun 'yancin kai a 1957, ma'aikatar, wadda hedkwatarta take a Saltpond, ta dawo Accra, shugabancinta kuma ya koma hannun 'yan ƙasa. A zamanin Nkrumah masana daga Tarayyar Sobiyat sun yi aikin taswira a arewa, juyin mulkin 1966 ya katse shi. G. O. Kesse, wanda ya daɗe yana shugabantar ta, ya tattara abin da aka sani game da ma'adinai da duwatsun Ghana a littafi guda a 1985. Dokokin 1986 suka buɗe ƙofa ga kamfanonin waje, aka ba Hukumar Ma'adinai aikin kula da harkar lasisi, ita kuma tsohuwar ma'aikata ta ci gaba da aikinta na ilimi. A 2009 ta fitar da sabuwar taswirar duwatsun ƙasa baki ɗaya tare da takwararta ta Jamus, a 2016 kuma majalisa ta zartar da doka mai lamba 928 wadda ta ɗaga ta zuwa hukuma mai cin gashin kanta.

Yau Ghana ce kan gaba a Afirka wajen haƙar zinariya, an kuma sami litiyam a Ewoyaa. Shirin gina tashar lantarki mai aiki da kwal a Ekumfi, wanda da daga Afirka ta Kudu za a riƙa shigo da kwal ɗinsa, an jingine shi a 2016 bayan matasa da mutanen yankin sun ƙi amincewa. Kogin Birim kuwa, wanda duwatsun zinariyar Afirka ta Yamma ke amsa sunansa, galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta mayar da ruwansa kamar kunun kanwa. Cikin masu shiga waɗannan ramuka da zaiba a hannu akwai 'ya'yanmu na zango, suna tono a makance, yau a samu gobe rami ya rufta. A ganina babu maganin da ya kai a ba hukumar nan isassun kuɗi ta auna filaye, ta nuna wa ƙananan mahaƙa inda arziki yake da inda babu, domin a daina yaga daji da kogi a kan tsammani.

Kirana ga iyaye da malaman makarantun Nima da Maamobi da Sabon Zango shi ne su lura da yaron da ke da kai a lissafi da kimiyya. Jami'ar Legon tana da sashen ilimin ƙasa, tana nan kusa da mu. Makarantar Tarkwa da aka buɗe a 1952 ta zama cikakkiyar jami'ar haƙar ma'adinai tun 2004. Kakanninmu sun ɗauki buhun duwatsu a ka ba su san abin da ke ciki ba. Ku tura jikokinsu su koyi karanta dutsen, su kuma nemi aiki a ofishin nan na Ridge.