Jarfar Goshi: Daga Bayin Roma Zuwa Hasken Leza

A zamanin mulkin Romawa, jarfa ba kwalliya ba ce. Idan bawa ya gudu aka kamo shi, sai a tsattsaga masa goshi da allura, a cusa tawada, a rubuta laifinsa inda kowa zai karanta. Ko da ya sami 'yanci daga baya, rubutun yana nan. Waɗansu sukan saukar da gashi su rufe wurin, waɗansu kuma su manna ƙyalle kamar masu ciwo.

Wajen shekara ta 316 bayan haihuwar Almasihu, Sarki Kostantin ya kafa doka cewa kada a ƙara yi wa mai laifi jarfa a fuska, domin an yi fuskar mutum cikin kamannin kyau na sama. Dokar ba ta kai inda ya kamata ba, gama ta yarda a ci gaba da yi a hannu ko a ƙafa. Duk da haka ta ceci fuska.

To, wanda aka riga aka yi masa fa? Wani likita mai suna Ayetiyus, mutumin Amida, wato Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yau, ya rubuta maganin a ƙarni na 6. A wanke wurin da kanwa, a shafa ƙaro, a ɗaure kwana biyar. Ran na shida a soka da allura, a share jinin, a goga gishiri. Ƙarnuka da yawa bayansa dabarar ba ta sāke sosai ba: ko a kankare fata, ko a ƙone ta, ko a yanke. Mutum yakan rabu da rubutu ya koma da tabo, wanda shi ma yakan tona asiri.

A 1960 Theodore Maiman ya ƙera na'urar leza ta farko a Kalifoniya, ba da daɗewa ba kuma wani likitan fata a Sinsinati, Leon Goldman, ya gwada haskenta a kan jarfa. Amma sai a 1983 ne Rox Anderson da John Parrish na Bostan suka bayyana ka'idar aikin. Idan aka harba hasken a taƙaice ƙwarai, fiye da ƙiftawar ido nesa ba kusa ba, tawadar ce take shan zafin, ta farfashe, naman da ke kewaye da ita kuwa ya tsira. Daga nan jiki da kansa yake kwashe ɓurɓushin a hankali. Shi ya sa ba a gamawa a zama ɗaya. Sai an yi ta komawa, da makonni a tsakani. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya suna da taurin kai. Baƙar fata tana bukatar kulawa ta musamman, don ita ma tana shan hasken. Tsagar gado kuwa, wadda wanzami ya yi da aska ba tawada, wannan hanya ba ta shafe ta.

Wani firist na Katolika, Fada Gregory Boyle, ya ga amfanin abin a wata unguwar talakawa ta Los Anjalis, inda samarin ƙungiyoyin daba suke kashe juna. A 1988 shi da mutanen ikkilisiyarsa suka fara nema wa masu son tuba aikin yi, a 1992 kuma suka buɗe gidan burodi. Wata rana wani saurayi da ya fito daga kurkuku ya zo masa da ashar rubuce a goshi, yana kukan ya rasa aiki. Ba wanda ya tilasta masa wannan jarfa, amma ta tsare masa hanya kamar ta bawan Roma. Fada ya ɗauke shi aiki a gidan burodin, ya kuma sami likita a wani asibiti na kusa wanda ya yarda ya ba da sa'a ɗaya a wata. Kafin a jima masu jira sun yi yawa ƙwarai, har ƙungiyar, mai suna Homeboy Industries, ta buɗe ɗakin cire jarfa nata, inda ake yi wa mutane kyauta.