Aron Kalmomin Ingilishi: Abin da Daura Za Ta Koya daga Italiya

Daga rijiyar Kusugu zuwa iyakar Kwangwalam ba wata doguwar tafiya ba ce, amma wanda ya tsallaka zai ji Hausa ta sauya riga. Jami'in da Badauri ke kira ɗan kwastam, a wajen Matamai da Damagaram ɗan duwan ne. Mota ta koma mato, makarantar boko ta zama lakwal. Al'umma ɗaya ce, sai dai wani ɓangare ya ci bashin kalmomi wurin Ingilishi, wani wurin Faransanci. Ra'ayina shi ne aron ba aibi ba ne. Barazanar da ke gabanmu ita ce rabuwar kalmomin ilmi gida biyu, kuma tarihin Italiyanci ya nuna inda ƙoƙarin gyara yake cin nasara da inda yake faɗuwa.

A Italiya, gwamnatin kama-karya ta Musolini ta ɗauki baƙin kalmomi a matsayin cin fuskar ƙasa. A watan Disamba na 1940 ta kafa dokar da ta haramta su a sunayen kamfanoni da tallace-tallace, aka kuma ɗora wa cibiyar masana ta gwamnati aikin fitar da jerin madadinsu. Sakamakon ya zo a gauraye. Kalmar autista, wato direba, da regista, mai ba da umarni a fim, waɗanda suka bayyana tun 1932, sun zauna daram har yau. Haka ma calcio, sunan ƙwallon ƙafa, wadda ta riga mulkin kama-karyar ma. Amma yawancin abin da ke cikin jerin ya bi gwamnatin zuwa kabari. Yau Ba'italiye da sunan Ingilishi yake kiran kwamfuta, alhali Bafaranshe da mutumin Sifaniya kowa ya ƙera nasa. Akwai masana da ke ganin tsanar da aka yi wa tilascin wancan zamani na cikin abin da ya sa aka saki ƙofa daga baya.

Me ya raba waɗanda suka rayu da waɗanda suka mutu? Gajarta, da dacewa da ginin harshen, da shiga bakin 'yan jarida tun baƙuwar kalmar ba ta yi saiwa ba. Tsohuwar cibiyar harshe ta Kuruska da ke Fulorans, wadda aka kafa a 1583, ta gane haka. A 2015 ta kafa kwamitin da ke ba da shawarar madadi da zarar kalmar Ingilishi ta fara leƙowa cikin takardun hukuma. Shawara ce kawai, babu tara, kuma ba kullum ake jin ta ba.

Mu ma mun sha wannan gwagwarmaya, ko da yake ba da bulala ba. Hukumar Fassara ta zamanin Rupert East, da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 a hannun Abubakar Imam, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, duk sun yi aikin ƙirƙira da tace kalmomi. Jirgin sama da majalisar dokoki sun karɓu, don Bahaushe ya ji su kamar abin gidansu. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa tana nan a bakin masu karanta labarai, amma mai shagon buga takardu kwamfuta yake cewa. Wayar tafi-da-gidanka kasuwa ta datse mata jela, ta koma waya. Ba na ganin wannan a matsayin faɗuwa. Kalmar da aka lanƙwasa har ta karɓi jam'in Hausa, kamar motoci da tebura, ta riga ta zama 'yar gida.

Za a iya cewa, to a bar kasuwa ta yi hukunci mana. Nan ne na rabu da masu wannan magana. Italiya ƙasa ɗaya ce mai manhaja ɗaya, kasuwarta kan fitar da amsa ɗaya. Tamu biyu take fitarwa. A hirar yau da kullum ba komai, mahauci da mai sayen nama za su fahimci juna. A littafin kimiyya ko takardar magani kuwa, kalmar da ɗan Katsina ya gane ɗan Maraɗi bai gane ba asara ce tsagwaronta.

Daura ce za ta fara jin wannan a jikinta. Tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ya biyo ta cikin masarautar. A ɗaya gefen, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Kalmomin injiniya da na tasha da na fiton kaya suna tafe ta ƙofa biyu lokaci guda. A 1980 masanan ƙasashen biyu sun zauna a Yamai sun daidaita ƙa'idojin rubutu. Irin wannan zama ake bukata kan kalmomin fannoni, kuma a wannan karon a sa malaman Daura da na Damagaram, da ma'aikatan rediyo, da kanikawa a teburin, tun jirgin bai fara jigila ba.