Gurbin Hausa a Gidan Rediyo da Talabijin na Ghana

Ranar 31 ga Yuli 1935 Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Accra, domin isar da shirye-shiryen BBC ta waya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Hausa, harshen soja da fatake, tana cikin harsunan tashar. A 1965 Kwame Nkrumah ya ƙaddamar da talabijin, da nufin ilmantarwa.

A yau hedikwatar gidan, wato GBC, tana Kanda, daura da Nima. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta zaɓar wa makarantu, amma ta shiga sahun harsunan labarai shida, tare da Akan, Ga, Ewe, Dagbani da Nzema. Gurbin da aji ya hana harshen zango, rediyo ya ba shi.