Jan Dutse a Adon Matan Gwandu da Kalgo: Abin da Huji Ke Faɗa Game da Asalin Akik da Lantana

Tsakure

Maƙalar ta duba jajayen duwatsun ado da ake gada a gidajen Gwandu da Kalgo, ta kuma ƙalubalanci ra'ayin da ke jingina kusan kowane tsohon jan dutse ga ƙasar Indiya. Hujin dutsen ya nuna cewa wani kaso daga cikinsu lantana ne, irin dutsen da aka riƙa haƙowa a gaɓar kogin Kwara ana sarrafawa a Ilori, duk a cikin ƙasashen da ke bin Gwandu a ƙarni na 19.

Gabatarwa da Bitar Ayyuka

Sanin duwatsu masu daraja tsohon fanni ne a wurin malaman Musulunci. Al-Biruni ya auna nauyinsu a Kitabul Jamahir, Al-Tifashi wanda ya rasu a 1253 ya jera siffofinsu da amfaninsu a Azharul Afkar. Da su babu jayayya a nan.

Jayayyar da A. J. Arkell ce, ko kuma da waɗanda suka ɗauki maganarsa suka wuce da ita inda bai kai ba. A maƙalunsa na 1935 da 1936 Arkell ya danganta talhatana, wato abin wuyan nan mai kusurwa uku na Buzaye da Hausawa, da garin Kambay na Gujarat, ya kuma nuna cewa masana'antun Idar-Oberstein na Jamus sun kwaikwaye ta daga baya. A kan talhatana hujjarsa tana da ƙarfi. Amma daga nan sai abin ya zama al'ada: duk jan dutsen da aka gani a wuyan mace tsakanin Sakkwato da Kwara, sai a ce ko dai alhazai suka zo da shi ta Jidda, ko kuwa na kantin Turawa ne. Ko binciken sinadarai da Insoll da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, wanda ya gwada akik na Gujarat da na Afirka ta Yamma, bai ba wannan yanke hukunci goyon baya kai tsaye ba. Abin mamaki, F. Daniel ya bayyana masu sarrafa duwatsu na Ilori tun 1937, Ann O'Hear kuma ta faɗaɗa bayanin a 1986, amma masu nazarin adon Hausa ba su cika waiwayar su ba, wataƙila don suna ganin Ilori zancen Yarbawa ne. Ga wanda ya san tarihin Gwandu, wannan kuskure ne. A ƙarni na 19 Ilori masarauta ce da ke karɓar umarni daga Gwandu, haka ma yankin Sayi, inda matafiyi Barth ya ƙetare Kwara a 1853 bayan ya bar Gwandu a zamanin Sarki Halilu. A wancan zamani ɗanyen dutsen lantana kuwa daga wajen Kirtashi yake fitowa, kudu da Sayi a Jamhuriyar Nijar ta yau, fatake Hausawa suna gangarawa da shi kudu.

Hanyar Bincike

An duba duwatsun gado a hannun dattawan mata, da na 'yan koli da maƙeran fari a garuruwan biyu. An haska kowane dutse da tocila, an gwada taurinsa da tsinin wuƙa a wurin da ba ya nunawa, an kuma leƙa hujinsa da madubin ƙara girma. Ba a fasa ko ɗaya ba.

Sakamako

Gwajin tauri ya raba duwatsun gida uku cikin sauƙi. Akik da lantana duka dangin ƙanƙara ne, taurinsu tsakanin 6.5 da 7 a ma'aunin Mohs, wuƙa ba ta kama su. Gilashi yana wajen 5.5. Murjani kuwa, wanda asalinsa ƙashin wata halittar teku ce ta Bahar Rum, bai wuce 3 zuwa 4 ba, kuma ruwan tsami yana cin sa. Tocila ta raba akik da lantana: haske yana ratsa akik ya fito ja-ja mai ruwan zuma, lantana kuwa ya toshe shi ɗungurungum. Jan duka biyun daga tsatsar ƙarfe yake, sai dai masu aikin Kambay suna gasa nasu a tukwane don jan ya nuna, Jamusawa kuma suna rina dutsen agat, ɗan'uwan akik, da suke shigowa da shi daga Barazil tun shekarun 1830. Saboda haka launi shaida ce mai rauni, tunda wuta da rini suna sauya shi.

Huji ne ba ya ɓuya. A Kambay ana huda dutse da mahuji mai ƙwayoyin daimon biyu a tsininsa, ana juya shi da baka, sai ramin ya fito miƙaƙƙe, faɗinsa ɗaya daga baki zuwa ciki, bangonsa da zobba-zobba siraran da juyawar ta bari. Na Jamus ya fi wannan daidaito, kusurwoyin dutsen ma a jere suke saboda a kan manyan duwatsun wasa da ruwa ke juyawa aka goge su. Na gilashi, irin wanda aka riƙa zubawa a Jablonec ta ƙasar Cek da Briare ta Faransa, raminsa sumul ne, jikinsa yakan nuna layin zubi ko ɗan kumfa.

Lantana dabam yake. A Ilori, lokacin da ake sana'ar, ba a juya mahuji. Mai aiki yana riƙe dutsen, ya ɗora siririn tsinken ƙarfe, ya yi ta ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma yana ɗan murza tsinken, ya faro daga wannan gefe sannan ya juya ya faro daga wancan har ramukan su haɗu. Abin da wannan ke bari shi ne baki mai ɗan faɗi, bango mai kaushi ba zobba, da 'yar gargada a tsakiya inda hujin biyu suka gamu ba su daidaita sosai ba. Idan aka zura zare, ana jin ya ɗan tsaya kafin ya wuce. Wannan siffa ta bayyana a duwatsu da dama daga cikin waɗanda masu su ke kira tsakiya, masu dogon jiki, ja mai duhu, da sheƙi mai zurfi irin na dutsen da aka daɗe ana gogawa da hannu a kan katako. Wata dattijuwa a Gwandu, da ta ga ana haska nata, cewa ta yi: "Ɗana, bari wahal da kanka, wanga ba ya shan haske. Na kakata ne." Ta san bambancin ba tare da ma'auni ba, kuma ta ajiye shi dabam da akik ɗin da aka yi mata tsaraba daga Makka.

Hujjar tarihi ta dace da hujjar ido. Masu wannan sana'a sun koma Ilori ne bayan rushewar tsohuwar Oyo a tsakiyar shekarun 1830, wato bayan ikon Gwandu ya riga ya kafu a can. A lokacin dutse yana gangarawa kudu ɗanye, manyan masu sayen sarrafaffensa sarakunan Yarbawa da na Binin ne, amma babu dalilin da zai hana fataken da suka kai shi su komo da sarrafaffe ta Jega, babbar kasuwar yankin, wadda ba ta da nisa da Kalgo ko Gwandu. A ganin wannan bincike, wannan ita ce hanya mafi kusa, kuma ta fi ta Jidda sauƙin bayani. Sana'ar ta durƙushe a Ilori zuwa shekarun 1930, abin da ya sa ba a samun lantana sabo a faifan ɗan koli, sai a adudun tsofaffi.

Imanin da ke tattare da duwatsun ya bi launi, bai bi asali ba. Ana cewa jan dutse yana tsayar da haɓo da zubar jini, yana kuma sanyaya zuciya, maganar da ke cikin littattafan Larabci na duwatsu tun da daɗewa. Maza sun fi son akik a zoben azurfa saboda ruwayoyin falalarsa, ko da yake malaman hadisi irin su Al-Uƙaili sun raunana su. Murjani yana da martabar ambatonsa a Suratur Rahman, ana ɗaura wa yara don kambun baka. Cewar da ake yi yana dusashewa idan mai shi ba ta da lafiya yana da ɗan tushe, domin gumi da turare suna cin fuskarsa.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa madubin hannu ba ɗakin gwaji ba ne. Huji yana nuna inda aka sarrafa dutse, ba ramin da aka haƙo shi ba, kuma huda ta hanyar ƙwanƙwasa ta girmi Ilori, an yi ta a wasu wuraren Sahara tun zamanin da. Masu duwatsun ma ba sa yarda a fita da kayan gado daga ɗaki, balle a kankare su. Tabbatar da Kirtashi sai an gwada sinadaran waɗannan duwatsu da na ɗanyen dutse daga can.